Kotu a Gari, Gona a Ƙauye: Nazari a kan Kotunan Funtuwa da Karkarar Kudancin Katsina

Tsakure

Wannan maƙala ta dubi kotunan da ke zaune a garin Funtuwa da al'ummar karkarar da ke kawo musu ƙara daga kudancin Jihar Katsina. Ta bi tarihin yadda shari'a ta tashi daga zauren alƙali ta koma harabar kotu, sannan ta auna abin da shari'a ɗaya ke ci wa manomi. Matsayinta shi ne yawan sintirin da ake sa mai ƙara ya yi shi ne babban abin da ke raba shi da haƙƙinsa, kuma wannan sintiri yana da tushe a kalandar kotu, a rabuwar hanyoyin ɗaukaka ƙara, da kuma rashin tsaron da ya ɗaiɗaita yankin.

Gabatarwa



Jihar Katsina, wadda aka cire daga tsohuwar Jihar Kaduna ranar 23 ga Satumba 1987, tana da ƙananan hukumomi 34. Goma sha ɗaya daga cikinsu su ne shiyyar Funtuwa: Funtuwa, Bakori, Ɗanja, Ɗandume, Sabuwa, Faskari, Ƙanƙara, Malumfashi, Ƙafur, Musawa da Matazu. Ƙasa ce ta noma, ta masara da dawa da auduga da waken suya, ga rake da tumatir a fadamun Ɗanja. Shi kansa garin Funtuwa auduga da jirgin ƙasa ne suka raya shi, tun da layin dogo daga Zariya zuwa Ƙauran Namoda ya ratsa ta cikinsa a ƙarshen shekarun 1920. Hanyoyin Zariya, Gusau da Katsina duk a nan suka haɗu, saboda haka ba abin mamaki ba ne da aka ajiye masa reshen Babbar Kotun Jiha, da kotun majistare, da Babbar Kotun Shari'ar Musulunci, da gidan gyaran hali.

Idan na ce harabar kotu a wannan takarda, ina nufin duk abin da mai ƙara ke ci karo da shi kafin ya tsaya gaban alƙali da bayan ya tashi: ofishin rajistara, masinja mai kai sammaci, ɗan sanda mai gabatar da ƙara, lauya, mai buga takardar rantsuwa a kwamfuta, da wanda zai tsaya wa mutum beli. Dukkansu mazauna gari ne. Wanda ya zo daga ƙauye shi ne baƙo a wurin, alhali gonarsa ko aurensa ko gādon ubansa ake magana a kai.

Daga zauren alƙali zuwa harabar kotu

Alƙalanci ya girmi zuwan Turawa a ƙasar Katsina nesa ba kusa ba. A zamanin jihadi, Abdullahi ɗan Fodiyo ya rubuta Liya'ul Hukkami domin shiryar da masu mulki da masu hukunci, kuma alƙalai suna aiki da Risala da Mukhtasar na Khalil da Tuhfatul Hukkami ta Ibn Asim, littattafan da har gobe ake kafa hujja da su a kotunanmu. Turawa ba su rushe wannan tsari ba. Dokokin kotunan gargajiya na 1900 da 1906 sun riƙe alƙalai, suka rarraba su daraja-daraja, suka sa su ƙarƙashin En'e, tare da bai wa Razdan da Di'o ikon duba hukuncinsu. A gunduma, alƙali yana zaune kusa da hakimi, kuma kotunsa ba ta da nisa da kasuwa.

Kada wannan kusanci ya sa mu yi wa wancan zamani ado. A shekarun 1950 'yan NEPU sun sha kuka da yadda ake amfani da kotunan En'e wajen ɗaure 'yan adawa, ƙananan ƙabilu kuma sun kai irin nasu kukan gaban kwamitin Willink. Daga nan ne aka kafa kwamitin masana shari'a na 1958 ƙarƙashin Alƙalin Alƙalan Sudan, Sayyid Muhammad Abu Rannat, wanda shawararsa ta haifar da dokar Final Kod da Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'ar Musulunci a 1960. Tsakanin 1967 da 1968 gwamnatin soja ta soke kotunan sarakuna, ta ƙwace kotunan alƙalai daga hannun En'e ta mayar da su kotunan yanki ƙarƙashin sashen shari'a na jiha. A shekarar 2000, zamanin Gwamna Umaru Musa 'Yar'aduwa, Katsina ta bi sahun Zamfara ta mayar da kotunan yankin kotunan Shari'ar Musulunci.

Kowane ɗaya daga cikin waɗannan sauye-sauye ya ƙara wa alƙali 'yanci daga hakimi da sarki, kuma wannan riba ce ta gaske. Sai dai kowannensu ya ƙara takarda, ya ƙara matakala, ya kuma jawo nauyin shari'a zuwa manyan garuruwa. Ƙaramar kotu tana nan a hedikwatar ƙaramar hukuma, amma da zarar magana ta yi girma, ko wani ya ce bai yarda ba, sai Funtuwa ko Malumfashi, daga nan sai Katsina, mai nisan kusan kilomita 200 daga Funtuwa.

Abin da zama ɗaya ke ci

Mu ɗauki rikicin iyakar gona, wanda yana cikin abubuwan da suka fi kai mutumin ƙauye kotu tare da aure, gādo, bashi da ɓarnar dabbobi. A fiƙihun Malikiyya, mai da'awa shi zai kawo shaidu, maza biyu adalai, idan ya kasa sai a juya ga rantsuwa. Ana bai wa abokin shari'a damar sukar shaidun, kafin yanke hukunci kuma alƙali ya yi i'izari, wato ya tambayi wanda hukunci zai hau kansa ko yana da sauran hujja. Tsari ne mai kyau, an gina shi domin kada a zalunci kowa. Amma an gina shi ne a kan zaton cewa shaidu na kusa.

A aikace, mai ƙara ne ke ɗaukar nauyin shaidunsa. Shi zai biya musu kuɗin babur daga ƙauye zuwa bakin titi, ya biya na mota zuwa gari, ya ciyar da su, sau da yawa kuma ya ji nauyin cewa ya raba dattijo da gonarsa yini guda. Shaidun iyakar gona galibi tsofaffi ne, waɗanda suka ga lokacin da aka shuka gamba ko aka kafa itacen da ya raba gonakin biyu. Idan aka iso kotu aka tarar alƙali ya tafi taro, ko abokin shari'a bai samu sammaci ba, ko lauyan ɗaya ɓangaren ya aiko da takardar neman uzuri, sai a ɗage zama. A littafin kotu layi ɗaya ne. A aljihun manomi kuwa, kuɗin mutum uku ne zuwa da komowa, kuma zai sake nemo su. Tun Janairun 2023 da aka shiga ƙarancin takardun naira, da kuma Mayun shekarar da aka janye tallafin man fetur, wannan lissafi ya ƙara muni, domin abin da ya fi tashi shi ne kuɗin abin hawa, wanda shi ne jigon kuɗin shari'a ga mutumin karkara.

Wanda ya fi ƙarfi ya san da haka. Ba ya bukatar ya ci shari'a, ya ishe shi ya ja ta. Ɗage zama uku ko huɗu sun isa su sa shaida ya ce jikinsa ba daɗi, mai ƙara kuma ya ce ya bar wa Allah. Irin wannan shari'a kan ƙare ne da korar ƙara saboda rashin halartar mai ita, kuma duk wanda ya duba rajista zai ɗauka mutumin ne ya yi sakaci.

Sai kuma maganar lokaci. Rikicin gona yana tashi ne da bazara, lokacin sharar gona, sa'ad da kowa ya fito ya ga inda maƙwabcinsa ya shigo masa. Kafin a kai ƙara, a kai sammaci, a fara sauraro, ruwa ya sauka. Daga Yuni zuwa Satumba, yinin da manomi ya yi a benci yana jiran a kira sunansa yini ne na noman fari ko maimai da ba zai dawo ba. Hutun shekara na manyan kotuna ma a tsakiyar damina yake faɗowa, ga shi kuwa a lokacin ne ake bukatar umarnin gaggawa kan wa zai shuka gonar da ake rikici a kanta. Ɓarnar dabbobi tata matsalar daban ce. Tana faruwa da kaka, kuma hujjarta ba ta jira: idan ba a je an gani da ido an ƙiyasta cikin 'yan kwanaki ba, sawun shanu ya ɓace, karan da aka tattake ya bushe. Kotun da ba ta da abin hawa ba za ta je ba sai mai ƙara ya ɗauki nauyi, kuma ranar da ɓangare ɗaya ya biya kuɗin tafiyar kotu, ɗaya ɓangaren ya fara zargi ke nan, ko da alƙalin waliyyi ne. A ganina rashin hukunta ƙananan ɓarna cikin hanzari, tare da cinye burtali da makiyaya da dokar 1965 ta keɓe, yana cikin abin da ya koya wa manomi da makiyayi ɗaukar doka a hannu tun kafin bindiga ta shigo.

Shekarar 2021 ta nuna wannan matsala ta lokaci ƙarara. Ma'aikatan shari'a na ƙasa, ƙarƙashin ƙungiyarsu ta JUSUN, sun rufe kotuna daga 6 ga Afrilu har cikin Yuni, suna neman a sakar wa sashen shari'a kuɗinsa kamar yadda tsarin mulki ya tanada. Bukatarsu halas ce. Amma watannin nan biyu su ne daidai lokacin sharar gona da shuka, kuma wanda aka hana shiga gonarsa a Afrilu ya yi asarar shekara ce sukutum.

Hanya biyu, gona ɗaya

Matsala ta biyu ta doka ce tsantsa, kuma ita ce mutumin ƙauye bai da yadda zai yi ya gane ta da kansa. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta raba ƙasa gida biyu, ta birni da ta karkara, ta bai wa ƙaramar hukuma ikon ba da shaidar mallaka ta gargajiya a karkara, sashe na 41 kuma ya bai wa kotunan yanki da makamantansu hurumin sauraron rikici a kanta. A shekarar 2000, a shari'ar Adisa da Oyinwola, Kotun Ƙoli ta ce Babbar Kotun Jiha ma tana da hurumi a kan irin wannan ƙasa. Ƙofar shiga ta zama biyu ke nan.

Ƙofar fita ta fi rikitarwa. Sashe na 277 na tsarin mulkin 1999 ya iyakance hurumin Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a ga al'amuran iyali: aure, riƙon yara, waƙafi, kyauta, wasiyya da gādo. A shari'ar Magaji da Matari, ita ma ta 2000, Kotun Ƙoli ta tabbatar cewa jayayya kan mallakar gona, idan ba ta shiga ɗaya daga cikin waɗannan ba, ba ta cikin hurumin wannan kotu. Ma'ana, idan 'yan uwa na rikici kan rabon gonar da mahaifinsu ya bari, ƙarar za ta ɗaukaka zuwa wurin Ƙadi-ƙadai. Idan kuma wani ne daga waje ya ce gonar tasa ce, sai Babbar Kotu.

A takarda wannan rabo a bayyane yake. A ƙauye kuwa, da wuya ka sami rikicin gona da bai haɗa duka biyun ba. Mutum zai ce ya gāji gonar daga ubansa, ɗayan ya ce uban aro aka ba shi, na uku ya ce jingina ce kakansa ya bayar ba a fansa ba. Yadda magatakarda ya rubuta da'awar a ranar farko shi zai yanke hanyar da shari'ar za ta bi bayan shekaru. Rahotannin shari'a na Nijeriya cike suke da ƙararrakin gona daga Arewa da aka rushe a kotun sama, ba tare da an duba wa ke da gaskiya ba, don kawai an ɗaukaka su zuwa kotun da ba ta da hurumi. Hausawa na cewa shari'a mace ce da ciki, ba a san abin da za ta haifa ba, amma wanda aka ce wa ya koma ya faro daga tushe bayan shekara bakwai ko haihuwar bai gani ba.

A kan wannan sai a ɗora harshe. A kotun Shari'a da Hausa ake magana, da ita ake rubutu. Babbar Kotu da Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Tarayya kuwa da Ingilishi suke aiki, don haka sai an fassara kundin shari'ar, an buga, an biya. Mai gonar zai zauna a baya yana kallon lauyoyi na muhawara a kan maganar da shi ya faɗa, ba ya jin ko ɗaya.

Shari'ar Amina Lawal, wadda duniya ta sani, ta bi wannan matakala daga ƙasa har sama a cikin wannan yanki. Kotun Shari'a ta Bakori ta yanke mata hukuncin jefewa a Maris 2002, Babbar Kotun Shari'a ta Funtuwa ta tabbatar ranar 19 ga Agusta 2002, sannan Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a a Katsina ta soke hukuncin ranar 25 ga Satumba 2003, alƙalai huɗu suka rinjayi ɗaya. Abin lura ga wannan takarda shi ne da fiƙihun Malikiyya aka wanke ta, da hujjoji irin su haƙƙin janye iƙirari da batun kwantaccen ciki, kuma kurakuran da aka gyara a Katsina an yi su ne tun a kotun farko, inda ta tsaya ba lauya. Tsarin ya gyara kansa, amma sai da aka yi wata 18, aka bi gari uku, da tawagar lauyoyi da ƙungiyoyi irin su BAOBAB da WRAPA a bayanta. Matar da ke neman khul'i ko kason gādonta daga wani ƙauyen Sabuwa ba ta da ko ɗaya daga cikin waɗannan.

Ɓangaren laifuka ba zan daɗe a kansa ba, domin an yi rubutu da yawa. Wanda aka kama da zargin fashi ko kisa akan kai shi gaban majistare, wanda ba shi da hurumin yi masa shari'a, sai ya tura shi ajiya a jira shawarar ma'aikatar shari'a daga babban birnin jiha. Kimanin kashi biyu bisa uku na mutanen da ke gidajen gyaran hali a Nijeriya jiran shari'a suke. Ga baƙauye akwai ƙarin cikas: sharaɗin beli yakan nemi ma'aikacin gwamnati ko mai takardar fili a gari, shi kuwa duk danginsa manoma ne.

Rashin tsaro da shari'un da ke tafe

Faskari, Sabuwa, Ɗandume da Ƙanƙara suna cikin ƙananan hukumomin da 'yan bindiga suka fi addaba. A Disambar 2020 aka kwashe ɗalibai sama da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara. A ƙarshen Agustan 2021 gwamnatin Aminu Bello Masari ta rufe hanyar Ƙanƙara zuwa Sheme ga motocin haya, ta taƙaita zirga-zirgar babura, a Satumba kuma aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13, har da Funtuwa. A irin wannan hali masinja ba zai shiga wasu ƙauyuka da sammaci ba, kotu ba za ta je ganin gona ba, hukuncin da aka yanke ma ba mai zuwa ya zartar da shi.

Abin da ya fi damuna shi ne abin da ke gaba. Dubban mutane sun bar gonakinsu shekara da shekaru, wasu sun sayar da rahusa cikin tsoro, wasu sun bar wa maƙwabta amana da baki, wasu kuma sun rasu ba a raba gādonsu ba. Ranar da ƙura ta lafa, duk wannan kotu zai nufa. Fiƙihu yana da amsa: hauzi, wato riƙon shekara goma da ke toshe bakin mai da'awa, ba ya aiki sai mai gonar yana nan, yana gani, ba abin da ya hana shi magana, kuma ba ya hawa kan aro ko jingina. Wanda bindiga ta kora yana da uzuri. Amma sai ya tabbatar da cewa gonar tasa ce tun asali, shaidunsa kuwa sun watsu, wani yana Funtuwa, wani Zariya, wani Kano, wani ya riga mu gidan gaskiya.

Sulhu da abin da za a iya yi

Yawancin rikicin karkara ba ya isa kotu. Mai unguwa, dagaci, liman da hakimi ne ke kashe shi. Ya isa abin tunani cewa marigayi Mai Shari'a Mamman Nasir, wanda ya shugabanci Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Tarayya daga 1978 zuwa 1992, ya ƙare rayuwarsa ne yana Galadiman Katsina, Hakimin Malumfashi, inda talakawa ke kawo masa irin waɗannan ƙorafe-ƙorafe a zaure. Sulhu yana da arha kuma yana kusa, sai dai yana da aibi biyu. Ba a cika rubuta shi ba, don haka 'ya'ya kan tayar da abin da iyaye suka binne. Sannan a zauren da kowa ya san kowa, mai rauni ake cewa ya yi haƙuri, kuma sau da yawa mace ce, musamman a rabon gona, inda akan ce a ba ta kuɗi 'yan uwanta maza su riƙe ƙasar. Saboda haka ban goyi bayan masu cewa a mayar da komai hannun sarakuna ba. Abin da ya dace shi ne a rubuta sulhun, a kai wa alƙali mafi kusa ya tambayi kowane ɓangare shi kaɗai ko ya yarda, sannan ya mayar da shi hukuncin kotu.

Sauran gyare-gyaren ba sa bukatar sabon gini. Babban Jojin jiha da Grandi Kadi suna da ikon ba da umarnin aiki da zai sa a saurari shari'un gona tsakanin Janairu da Afrilu, a kuma hana ɗage zama a ranar da shaidu suka zo daga nesa ba tare da an ɗauki shaidarsu ba, ko wanda ya jawo ɗagewar ya biya kuɗin motarsu. Idan alƙali ba zai zauna ba, saƙon waya ga masu shari'a kwana ɗaya kafin ranar ya wadatar. Kuɗin zuwa ganin gona ya fito daga kasafin kotu. Magatakardan ƙananan kotuna kuma a horar da su kan rubuta da'awa yadda za a gane tun farko ko gādo ce ko jayayyar mallaka, a gaya wa wanda ya sha kaye, da Hausa, kotun da zai nufa da kwanakin da suka rage masa.

Na ƙarshe shi ne mafi gaggawa. Ƙananan hukumomin da aka fi yin hijira daga cikinsu, tare da hakimai da kotunan Shari'a na yankin, su buɗe rajistar gonakin da aka bari: sunan mai gona, maƙwabtansa na gabas da yamma da kudu da arewa, wanda aka bar wa amana da sharaɗin da aka yi, da bayanin dattawa biyu a gaban alƙali. Ana iya fara wannan aiki a cikin garin Funtuwa, inda da yawa daga cikin masu gonakin da shaidunsu suke zaune a yanzu.